Me yasa binyet ɗina yake fitowa kamar an zagaye hoto da gawayi?

"Assalamu alaikum oga. Na kusa shekara ɗaya ina koyon ɗaukar hoto da editin, ina amfani da Lightroom a kwamfuta, wani lokacin kuma Snapseed a waya. Ina ganin hotunan manyan masu hoto gefensu yana ɗan yin duhu tsakiya kuma da haske, sai kaga hoton ya zauna daram. An ce min sunan abin binyet. To ni duk sanda na saka sai ya fito kamar an zagaye hoton da gawayi, fararen kaya su koma toka-toka, wani lokacin ma sama tana yin layi-layi idan na ɗora a Facebook. Don Allah ya ake yinsa daidai, kuma a kowane hoto ake sawa ne?"

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Idan na fahimce ka da kyau abu uku ne ke damunka, duhun yana fitowa ɓaro-ɓaro kowa na ganinsa, fari yana komawa datti, sannan ga layi-layin nan a sama, ka kuma haɗa da tambayar ko kowane hoto ne ke so. Ban ga hotunanka ba, don haka zanyi magana ne akan abinda na saba gani a hannun masu koyo, amma yadda ka kwatanta ɗin nan ya ishe ni in gane inda matsalar take. Kana ɗaukar binyet a matsayin ado ne da ake liƙa wa hoto a gefe, kamar firem. Shi kuwa aikinsa rage haske ne a inda baka son ido ya tsaya, don idon mai kallo ya tafi inda kake so. Wanda aka yi daidai ba a ganinsa, sai ka kashe shi sannan kaji kamar hoton ya watse.

Inda abin ya samo asali

Kalmar daga Faransanci take, asalinta ƙaramar kurangar inabi, saboda irin zanen ganye da reshe da ake zagaye shafin littafi da shi a da. Daga baya aka ari sunan aka ba hoton da gefensa ke dishewa a hankali. Amma a wajen masu ƙera kyamara binyet aibi ne, abu ne da suke ta faman ragewa. Hasken da ya shigo ta lens ya faɗi a tsakiyar sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, a miƙe yake zuwa, wanda zai je kusurwa kuwa a karkace yake tafiya, hanyarsa tafi tsawo kuma ƙofar da ya shigo ta ciki ta ƙanƙance masa tunda daga gefe yake ganinta. A lissafin lens mai sauƙi, wurin da ya karkace da digiri 30 daga tsakiya yana samun kamar kashi 56 cikin ɗari ne kawai na hasken tsakiya, idan ya kai digiri 45 sai ya koma kashi 25, wato sitop biyu kenan, tunda kowane sitop ɗaya rabin haske ne. Lens na zamani an yi musu dabarun da ke rage wannan, amma baya ɓacewa gaba ɗaya.

Akwai kuma wanda ke zuwa idan ka buɗe lens ɗinka gaba ɗaya, irin f/1.4 ko f/1.8, jikin lens ɗin ne da kansa ke tare wani ɓangare na hasken gefe, da ka tsuke zuwa f/4 ko f/5.6 zakaga ya ragu sosai. Sai na uku wanda shi laifin mai hoto ne zalla, ka ɗora filta biyu ko uku akan juna ko ka saka hular lens da ba tata ba, sai kusurwa huɗun nan suyi baƙi ƙirin da kaifi. Wannan na ukun babu kyau a cikinsa ko kaɗan, kuma abin lura shi ne irinsa ne mafi yawan masu koyo ke kwaikwayo da hannunsu ba tare da sun sani ba.

Masu wanke hoto a ɗakin duhu tun kafin kwamfuta suna yin nasu da gangan. Bayan sun haska takarda sai su tare tsakiya da hannu ko da kwali su ƙara wa gefe 'yan daƙiƙu, gefen ya ɗan ƙone. Ansel Adams na Amurka, wanda ya shahara da hotunan duwatsun Yosemite, yana daga cikin waɗanda suka riƙe wannan ƙona gefen, kuma kaɗan yake yi yadda mai kallo ba zai lura ba. Shi kuwa baƙin zoben nan mai ƙarfi da mutane suka saba gani, daga kyamarori masu arha ya yaɗu, irin su Holga da aka fara yi a Hong Kong a 1982 da Lomo LC-A ta Tarayyar Sobiyet a 1984, sannan da Instagram ta zo a 2010 filtocinta na farko suka kwaikwayi wannan kamannin. To kaga layi biyu ne, wanda ake so a gani da wanda ba a so a gani. Hotunan da suka burge ka na tabbata na layi na biyu ne.

Dalilin da yasa naka ke fitowa fili

Ido yana zuwa wajen da yafi haske ne da farko, sannan wajen da haske da duhu suka haɗu da kaifi. Wannan na biyun shi ke kayar da kai. Idan duhun ya fara daga wani layi da ake iya nunawa da yatsa, ka ƙirƙiri sabon abu a cikin hoton da ke jan ido, maimakon ka kore ido daga gefe sai ka kira shi can. Don haka laushin gefe yafi yawan duhun muhimmanci nesa ba kusa ba.

A Lightroom ka shiga Effects, ƙarƙashin Post-Crop Vignetting akwai sulaida biyar, wato 'yan maɓallan da ake ja hagu ko dama. Yawancin mutane Amount kawai suke ja zuwa -40 ko -50 su bar sauran yadda suka same su, Midpoint na 50, Feather na 50, shikenan zobe ya fito. Ni yadda nake yi, in fara jan Amount can ƙasa sosai da gangan don in ga siffar abin da idona, in gyara Midpoint in jawo shi ciki zuwa wajen 25 ko 30 yadda duhun zai fara tun daga nesa ya riƙa ƙaruwa a hankali, in kai Feather 80 zuwa 100, sannan a ƙarshe in dawo da Amount wajen -10 zuwa -18. Da wuya in wuce -20. Akwai gajeriyar hanya ma, idan ka danne Alt kana jan Midpoint ko Roundness ko Feather zai nuna maka binyet ɗin da cikakken ƙarfinsa na ɗan lokaci, ka saki ya koma yadda yake. Abin zai baka mamaki, jawo duhun ciki shi ke sa ya ɓuya, wanda aka tura can kusurwa shi yafi fitowa saboda bashi da filin da zai dishe.

Roundness kuma ka barshi kusa da sifili a yawancin hotuna don ya bi siffar hoton. Idan ka kai shi +100 zai zama da'ira sak, a hoto mai faɗi sai hagu da dama su cinye duhu sama da ƙasa babu komai. Idan kayi ƙasa da shi sosai zai koma kamar firem mai kusurwa huɗu.

Farin kaya da ke komawa toka

Wannan nasan shi sosai, kuma dalilinsa shi ne bambanci tsakanin rage haske da shafa baƙin fenti. Ka ɗauki fitila a ɗaki, idan ka ɗauki hotonta ka rage hasken kyamara da rabin sitop fitilar tana nan fara tas, kewayenta ne zai yi duhu. Amma idan ka shimfiɗa mata baƙar leda mai shara-shara a kai, fitilar zata koma toka, abinda ido bai taɓa gani a zahiri ba, shi yasa nan take ƙwaƙwalwa ke cewa an taɓa hoton nan.

A saman sulaidojin nan akwai Style mai zaɓi uku. Paint Overlay shi ne baƙar ledar, yana cakuɗa hoton da baƙi ne kawai, ka guje shi sai dai in kamannin tsohuwar filta kake nema. Highlight Priority yana yin abin kamar rage hasken kyamara, yana kare wurare masu haske, amma wani lokacin yana ɗan sauya kala a inda yayi duhu. Color Priority yafi riƙe kala yadda take, kuma yafi laushi. Ni akan hoton mutum musamman idan kaya masu kala ne sosai Color Priority nake fara gwadawa, akan fili da sama da fitilu kuma Highlight Priority. Sai sulaida ta ƙarshe wato Highlights, wadda kusan kowa ke mantawa da ita, tana aiki ne idan Amount yana ƙasa da sifili a waɗannan salon guda biyu. Ka ɗaga ta zuwa 30 ko 50 kaga yadda farar riga ko gajimare ko taga zasu dawo da haskensu alhali kewayensu na nan da duhunsa. Ina ganin wannan kaɗai zai magance rabin kukanka.

Mutum ba kullum yake tsakiya ba

Ga babbar gazawar Post-Crop Vignetting ɗin can, a tsakiyar hoto yake zama, baya motsi. Kai kuma idan ka iya tsara hoto sau da yawa mutumin naka yana gefe ne, ko fuskarsa tana can sama kusa da kashi ɗaya cikin uku na hoton. Sai ya zama ka haska ciki da ƙirji, kai da goshi sun shiga duhu. A hoton tsaye wannan na faruwa kullum, mutane basa lura sai dai suji fuskar ta mutu.

Shi yasa ni yanzu kusan duk binyet ɗina da Radial Gradient nake yi, wanda ya shigo tun Lightroom 5 a 2013 da sunan Radial Filter. Ka ja zagaye mai siffar ƙwai babba akan mutumin, babba fa, har ya fita wajen hoton ta wasu ɓangarorin ba laifi, ka karkata shi ya bi yadda jikin ya tsaya ko yadda haske ke shigowa, ka danna Invert don aikin ya koma waje, ka sauke Exposure da kamar -0.3 zuwa -0.5, Feather kuma can sama. Ka danna O zai nuna maka da ja inda abin ya taɓa. Tun gyaran da masu Lightroom sukayi wa mask, wato zaɓen wurin da gyara zai taɓa, a ƙarshen 2021 zaka iya danna Subtract ka zaɓi Subject, sai ya cire mutumin gaba ɗaya daga duhun, bango kawai ya rage. Amma a kula da wannan, idan duhun yayi yawa kuma ka yanke mutumin tsaf sai ya fito kamar an manna shi ne akan hoton, gefen gashi da kafaɗa suyi wani haske-haske. A irin haka gara in bar duhun ya ɗan taɓa ƙafa da gwiwar hannu, yafi kama da gaske.

Wani abu da nake so ka riƙe, ka duba ta ina haske ya shigo hoton kafin ka ja komai. Idan taga tana hagu, hagu ya kamata ya fi haske, kada ka dishe shi daidai da dama. Ka tura ƙwan ya jingina wajen tagar, duhun ya taru a ɗaya ɓangaren inda dama can inuwa take. Binyet da ya bi hasken da ke cikin hoton ba mai kama shi. Kuma ba dole sai kusurwa huɗu ba, sau da yawa ƙasan hoto ne kawai ke da hayaniya, farin tayil ko ciyawa mai haske ko teburi, to Linear Gradient guda ɗaya daga ƙasa ya wadatar, ka bar sama ta sha iska.

Ba kuma haske kaɗai ake ragewa ba. A cikin mask ɗin nan zaka iya ɗan sauke Saturation da Clarity ko Texture, don kala mai ƙarfi da kaifi suma suna jan ido kamar haske. Akwai hotunan da nake rage Exposure da -0.2 kacal amma in sauke Highlights sosai a gefe, saboda abinda ke damuna wasu 'yan ɗigon rana ne da ke ratsowa ta ganye, ba bangon gaba ɗaya ba.

A Snapseed abin da sauƙi kuma yana da wannan 'yancin, ka buɗe Vignette zakaga shuɗin ɗigo, ka ja shi kan fuska, ka buɗa yatsu biyu ka faɗaɗa da'irar fiye da yadda kake zato, sannan ka shafa sama ko ƙasa ka zaɓi Outer Brightness ka rage ƙarfinsa zuwa wajen -20 ko -25. Inner Brightness ka barshi ko ka ƙara kaɗan ƙwarai, idan ka ɗaga shi da yawa fuska zata yi kamar an haska ta da tocila.

Idan a Photoshop ne ko GIMP

Nasan baka ambaci Photoshop ba amma zaka iso wajen. Akwai na cikin Lens Correction da na Camera Raw Filter, sai dai hanyar da nafi yarda da ita ita ce ta leya, wato shimfiɗar gyara da ake ɗorawa a saman hoto. Ka zagaye mutumin da Elliptical Marquee ko ma Lasso da hannu, siffa mara tsari tafi ɓuya, ka danna Ctrl+Shift+I zaɓin ya juya waje, ka buɗe leyar Curves ka ja tsakiyar layin ƙasa kaɗan, kada ka taɓa ƙarshensa na sama don fari ya zauna fari. Daga nan ka danna mask ɗin, a Properties ka ja Feather. Lambar nan da fiksel ake ƙirga ta don haka ta danganta da girman hoto, wanda ya ce maka ka sa 50 ko 100 bai tambayi girman hotonka ba. Hoton megafiksel 24 faɗinsa 6000 ne tsayinsa 4000, a irinsa 100 ba komai bane, ni daga 300 zuwa 500 nake kaiwa. Curves idan ya rage haske yana ƙara wa kala ƙarfi, ja ya ƙara ja, fata ta ƙara yin lemo-lemo, maganinsa ka mayar da leyar daga Normal zuwa Luminosity. Idan duk da haka fari na dishewa, ka danna leyar sau biyu, a Blend If ƙarƙashin Underlying Layer ka danne Alt ka raba farin ɗan maɓallin nan mai kusurwa uku gida biyu ka jawo rabi ciki. Amfanin leya shi ne gobe in ka dawo kaga yayi yawa Opacity kawai zaka rage.

GIMP kyauta ne kuma tun 2.10 yana da nasa a Filters, Light and Shadow, Vignette, ana iya matsar da tsakiyarsa a juya shi a gyara Radius da Softness. Ka yi shi akan sabuwar leya, kar ka yi akan hoton kai tsaye.

Layi-layin da ke fitowa a sama

Wannan lissafi ne kawai. Hoton JPEG bit 8 ne, kowace kala tana da matakai 256 daga baƙi zuwa fari. Ka ɗauka samanka shuɗiya ce sumul, binyet ya sauke ta daga mataki na 180 zuwa 150 a tsawon fiksel 1500. Matakai 30 kenan zasu raba wannan filin, kowane ɗaya faɗinsa fiksel 50 da kala ɗaya tak, sai ya yi tsalle zuwa na gaba. A wurin da ke da ganye ko yadi ko bulo ba zaka gani ba, amma a sama ko bangon situdiyo mai santsi babu inda zai ɓuya. Sannan Facebook da WhatsApp suna ƙara matse hoton idan ka ɗora, matsewar nan kuma wurare masu santsi da duhu take fara cinyewa, sai matakan su ƙara raguwa layin ya ƙara faɗi.

Abinda ke taimakawa, ka ɗauka da RAW, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara, in kyamararka na yi, tunda shi bit 12 ko 14 ne, matakai dubbai. In Photoshop zaka shiga ka buɗe a bit 16, sai a ƙarshe ka sauke. Sai dabarar da mutane ke jin kamar baya ce amma tana aiki, ka zuba Grain kaɗan, kamar 10 zuwa 15, yana nan a Effects na Lightroom ƙasan binyet ɗin. 'Yan ƙwayoyin nan suna farfasa gefen matakan ido ya kasa ganin layi. Ka fitar da hoton a sRGB da inganci mai yawa, dogon gefensa 2048 idan Facebook zai je, wanda zaka tura wa kwastoma ta WhatsApp kuma ka tura shi a matsayin dokumen don kar a matse shi. Gaskiyar magana duk da haka ba ka da iko akan yadda zasu matse hoto a nasu ɓangaren, don haka idan sama ce fili guda babu gajimare, mafi aminci kar ka sa mata binyet, ka tsaya a ƙasa.

A kowane hoto ake sawa?

A'a, kuma nan ne na taɓa ƙonewa da kaina. Shekarun baya na ɗauki hotunan wani iyali, mutum goma sha wani abu a jere, ina da firiset, wato ajiyayyen gyara da ake ɗora wa hoto kai tsaye, da nake so wanda binyet ke ciki, na gyara hoto ɗaya na kwafa wa sauran gaba ɗaya na kai wanki. A sikirin ɗina mai haske komai lafiya. Da aka wanko babba, dattijon gidan da ya tsaya a can ƙarshen layi fuskarsa ta nutse, ido da gemu duk sun haɗe, na tsakiya kuwa suna ta ƙyalli. Ɗansa ya kalli hoton ya ce min baba fa, ina baba. Abin ya dame ni ƙwarai don hoton saboda dattijon aka yi shi. Na sake wankewa da kuɗina, kuma daga ranar na cire binyet daga duk firiset ɗina, kowane hoto da hannu nake masa nasa.

Abu biyu ne suka haɗu a wannan. Takarda bata da fitila a bayanta kamar sikirin, don haka inuwa tafi nutsewa a wanki, musamman in ka saba aiki da sikirin a cikakken haske. Na biyu kuma fata mai duhu dama tana zaune ne a ƙasan ma'aunin haske, rabin sitop da farar fata zata shanye ba a gani ba, ita zai iya cinye mata duk wani tsari na fuska. Mafi yawan darussan da zaka gani a intanet da farar fata ake gwada su, lambobinsu ba lallai su yi maka ba. Duk hoton da akwai fuska a gefe, ko dai ka bar binyet ko ka goge shi daga kan fuskar da burushi.

Hoton taron mutane ba ya so. Hoton fasfo da na katin shaida ba a taɓa su da irin wannan sam, bango ɗaya sumul ake buƙata. Hoton kayan sayarwa akan farin bango shima haka, gefen zai yi kamar datti. Hoto mai haske fari-fari irin na jarirai ko na cikin ɗaki mai farin fenti, duhun gefe yana kashe masa wannan sakewar. Idan kuma zaka haɗa hotuna da yawa su zama fanorama, sai ma ka cire na lens ɗin tukun, in ba haka ba kowace mahaɗa zata fito da duhu. Inda yake yin kyau shi ne hoton mutum ɗaya ko biyu, hoton dare, hoton baƙi da fari, abu guda a tsakiyar bango mai hayaniya, ko hanya da ta miƙe ta shige ciki. Farin binyet kuwa, wato ka ja Amount sama gefe ya yi fari, ni dai ban cika so ba, yana tura ido waje ne tunda ido haske yake bi, sai dai akan hoton da bangonsa dama fari ne ana so ya narke cikin takarda.

Ka kuma duba ko hoton ya riga ya zo da nasa. Idan da f/1.8 ka ɗauka akwai binyet na asali a ciki, in ka ƙara naka sun zama biyu. A Lens Corrections na Lightroom idan ka kunna Enable Profile Corrections zai cire na lens ɗin, kuma akwai sulaidar Vignetting a ƙasa da ke kan 100, ni sau da yawa akan hoton mutum nakan mayar da ita 40 ko 50 in bar rabin na asalin, don yafi duk wanda zan ƙirƙira laushi, kuma haska kusurwa da yawa yana tayar da ƙwayoyin hayaniya a wajen in ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya yi sama. Canon na kiran nasu gyaran na cikin kyamara Peripheral illumination correction, Nikon kuma Vignette control, waya kuwa tana gyara nata kafin ma ka ga hoton.

Binyet shi ne kusan na ƙarshe a aiki, bayan ka gama kurop, wato yanke hoto. Wannan ma shi ne dalilin kalmar Post-Crop ɗin can, yana bin sabon yankan, saɓanin na cikin Lens Corrections da ke bin asalin hoton. Idan hoto ɗaya zaka fitar a siffa biyu, 4:5 na Instagram da 9:16 na sitatus, kowanne ka duba nasa daban, kada ka fitar da JPEG mai binyet sannan ka zo ka yanka, zaka samu duhu a kusurwa biyu babu a biyu.

Ba zai gyara hoton da aka ɗauka ba tsari ba fa, wannan ka sani. Idan akwai jar roba ko farar mota a bayan mutum, duhu ba zai ɓatar da ita ba, zata zama jar roba mai duhu ne kawai, maganinta tun wajen ɗauka ne, ka matsa taku biyu ko ka yanke ta. Yadda nake gwada nawa kafin in fitar, in ƙanƙanta hoton ya koma kamar girman akwatin ashana a sikirin, a ƙaramin hoto zobe baya iya ɓuya, in na ganshi to yayi yawa sai in rage rabi. Sannan in kashe in kunna sau biyu ko uku, in tashi in bar kwamfutar na minti goma don ido yana sabawa da duhu da sauri ya riƙa neman ƙari, in na dawo in tura wa wayata in kalla akan farin shafi, saboda bangon Lightroom mai duhu ne yana ɓoye nauyin gefe, farin shafin Facebook kuma yana tona shi. Ka ɗauko ɗaya daga cikin hotunan da suka baka haushin nan, ka mayar da Amount sifili, ka yi masa da Radial Gradient a -0.3 yadda na faɗa, ka ajiye su gefe da gefe da tsohon ka turo min duka biyun in gani.